Ni ne alƙalin buhu, Ilu ne alƙalin gida

Jikana Fahad shi ma yanzu alƙalin wasa ne. Ƙwallon ƙafa yake hura wa usur a wani filin haya da ke bayan unguwar Shisha a nan Makka, irin wanda aka shimfiɗa wa ciyawar roba aka kewaye da raga har sama. Rannan ya matsa sai na je na gani, ya ɗauke ni a mota, ya ajiye mini kujera a inuwa. Ana cikin wasa gardama ta tashi kan ko ƙwallo ta tsallake layi. Na gyara zama, na ce yau zan ga abin da yaron nan ya iya. Kafin in gama gyara zaman mutum uku sun zaro waya, an haɗa kai an duba, magana ta mutu, an ci gaba da wasa. A hanyar dawowa ya ce mini, "Shuft, ya jaddi? Yanzu ba mai iya zalunci, kullu shai musajjal." Wato ko na gani, yanzu komai ana ɗaukarsa a waya. Hausarsa ke nan, rabi tamu rabi Larabcin masu gari. Na ce masa na gani. Ban gaya masa cewa da akwai irin wayar nan a zamaninmu, da an kama kakansa dumu-dumu ba.

A Jarwal na tashi, lokacin da Jarwal take unguwa ta mutane, ba ta otal-otal ba. Gidajen a jikin dutse suke, ɗaya bisa ɗaya, sai ka taka matakala arba'in kafin ka kai ƙofarmu. Da asuba abin da ke fara tada ka shi ne ƙarar garwar masu ruwa tana bugun bango a lungu, sai tattabaru, sai muryar wata tsohuwa 'yar Damagaram mai koko da ba ta taɓa kiran kokon da sunansa ba, sai dai ta ce "da zafinsa". Aikina tun ina ƙarami hawo da ruwa da sayo gurasa, in lokacin alhazai ya zo kuma mu kwashe kayanmu mu koma kan rufi, a ba baƙi ɗakunan. Yanzu jikokina lifta ke kai su hawa na huɗu, kuma in ta lalace kwana ɗaya sai ka ce an yi musu rasuwa. Mahaifina ta Sudan ya biyo, shekara tara yana hanya, a can ya auri Inna. Turare da carbi yake sayarwa, kuma ya samar mana iƙama tun da wuri, wato takardar zama, abin da rabin maƙwabtanmu ba su da shi. Mutum ne marar yawan magana. Abin da ya fi maimaita mana shi ne, "A garin nan baƙo ba ya ɗaga murya. In kai kana da takarda, na kusa da kai ba shi da ita." Na ji wannan magana ya fi sau dubu, ba zan ce ban sani ba.

Ilu ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina, jirginsu ya tashi ya bar shi da gangan. Sa'ana ne, ko ya girme ni da 'yan watanni. Baba ya tsince shi a bakin shago ya kawo shi gida, aka ba shi tabarma a ɗakina. Ba shi da takarda ko ta naɗe ƙosai. Aikinsa tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, kuma Allah ya ba shi murya, in ya ce "ɗariƙ ya hajj", wato alhaji a ba da hanya, sai ka ga jama'a ta dare gida biyu, kowa yana murmushi kamar an yi masa kyauta. Ni in na faɗi kalmar nan harara nake samu. Kafin shekara ta zagayo Inna ta fara ajiye masa ƙashi mai ɓargo, wai shi maraya ne a nan. Baba da ba ya dariya sai ga shi yana ƙyaƙyatawa in Ilu na kwaikwayon alhazan Turkiyya. Ina son Ilu, wannan gaskiya ce. Amma tun a lokacin akwai wani abu da ke cina in an yabe shi, kuma na san sunan abin, hassada ce.

Wasan kuwa ni na gano shi, a rubuta wannan. Bayan an sauko daga Arfa mukan sami aikin 'yan makonni na naɗe tantuna da kwashe shara. Wata Juma'a bayan la'asar, ina dawowa, sai na hangi mutane a wani fegi kusa da titi suna ihu da wani yare. Musulmi ne 'yan Filifin, wasu ma'aikatan asibiti, wasu 'yan gyaran lantarki. Su suna ce wa wasan sofbol, mu muka sa masa ƙwallon sanda. Ƙwallon ta kai babban lemo, ana jefo ta ta ƙasan hannu, mutum ya maka mata sanda ya ruga. Akwai buhunan yashi uku a kusurwa uku, da wani faifan katako a kusurwa ta huɗu da ake kira gida. Mai gudu zai zaga buhunan ya dawo gida. In ƙwallo ta riga shi isa aka taɓa shi da ita, ya mutu, sai a ce "aut". In ƙafarsa ta riga, ya tsira, sai a ce "sef". Duk rigimar duniya a tsakanin kalmomin nan biyu take. Matsalarsu ita ce ba su da alƙali, don duk wanda aka ɗauko a cikinsu ko ɗan asibiti ne ko ɗan lantarki. Wani dattijonsu mai furfura, Haji Usman, ya ga ina zuwa kallo mako uku a jere, sai ya yafuto ni. Da guntun Larabcinsa da hannu da zane a ƙasa ya koya mini dokokin, ni kuma ina rubutawa da ajami a wani littafin makaranta. Har yau zan iya karanto maka su da ka.

Wata uku ina tsayawa ni kaɗai a bayan mai duka, sanye da garkuwar fuska ta waya wadda ke warin gumin mutum goma, da wasu kwalaye a ɗaure a ƙwauri. Ba a biyan mu komai sai shinkafa da soyayyen kifi bayan magariba, da shayi mai madara. Amma wallahi ban taɓa jin ni mutum ba ne kamar a wurin nan. A gari ni Takari ne, ɗan mai turare, wanda ake ce wa "ya walad", wato kai yaro, ko da gemunsa. A fegin nan kuwa in na ɗaga hannu likita ne zai sunkuyar da kai ya koma ya zauna. Ina son ƙarar sandar in ta sami ƙwallo a tsakiya, wani "ƙwas" mai tsabta da ke dawowa daga jikin duwatsu. Ina son 'yar tsintsiyar da nake share faifan gida da ita, kowa ya tsaya yana jirana. Sai rashin wayo ya sa na ce wa Ilu ya zo ya taya ni ɗaukar jarkar ruwa.

Ya zo Juma'a biyu yana kallo yana dariya. Ta uku mura ta shaƙe mini murya, na cire garkuwar na ba shi, na ce ya riƙe mini na yau kawai, ni zan tsaya wajen buhuna. Ilu bai san rabin dokokin ba. Ƙidayar jifa ma da ƙwallayen dabino yake yi, yana ɗaukowa daga aljihun dama yana jefawa a na hagu. Amma da ya buɗe baki ya ce "aaaut", sai da wasu awaki da ke can gefe suka watse, wanda aka kashe ɗin ma ya fashe da dariya. Mako na gaba muryata ta dawo, na miƙa hannu zan ɗauki garkuwa, sai Haji Usman ya dafa ni, ya ce, "Haruna, inta ma'lum ƙanun. Ilu sot kabir. Inta ruh hinak, ahsan." Wato ni na san doka, Ilu ke da murya, in koma can wajen buhu ya fi. Ilu ya kalle ni ya ce, "Kai, karɓi abinka, ni zafi ma take mini." Na ce a'a, riƙe. Da bakina na faɗa, ina murmushi. Daga ranar na zama alƙalin buhu, shekara biyu cur, ina tsaye a rana can nesa ina jin ana kiran sunansa.

Akwai wata ƙa'ida da Haji Usman ya kafa mana, ita ce ginshiƙin aikin. Alƙalai biyu ba sa saɓa wa juna a gaban jama'a. In an yi gardama kan hukuncin ɗaya, sai ya yafuto ɗayan, ku haɗu a tsakiya, ku juya wa kowa baya, ku yi raɗa, ku fito da baki ɗaya. Mu kuma Allah ya ba mu Hausa, ba mai jin abin da muke cewa. Sau da yawa raɗar ba ta wasa ba ce. Ilu zai sunkuyo da fuska a murtuke ya ce, "Me Inna ta ɗora yau?" In ce, "Miyar kuka." Ya gyaɗa kai kamar mai nazari, ya juya ya sake faɗin hukuncinsa, kowa ya haƙura tunda an yi shawara. In kuwa ya yi kuskure da gaske, a nan nake gaya masa, ya juya ya gyara da bakinsa, a yaba masa adalci. Wannan ma yana ci mini rai, ilimina ne amma shi ake tafa wa. Mu biyu mun san dalilin da ya sa dole gardama ta mutu da wuri, ko da yake ba mu taɓa faɗa ba. Fegin a bakin titi yake, motar sintiri tana wucewa, kuma a duk filin nan mutum ɗaya ne ba shi da takarda.

Ranar da abin ya faru wasan ƙarshe ne na shekara, har da kofi na roba da wani ya sayo a Jidda. Kafin a fara, 'yan wasan suka taru suka kira mu. Ashe wani da ya je hutu gida ya yo tsaraba. Aka buɗe leda aka fito da riga shuɗiya sabuwa, irin ta alƙalan gaske, an ɗinka sunan Ilu a ƙirji da farin zare. Aka tafa, aka sa masa, ya yi juyi yana rangaji. Sa'an nan wani ya tuna da ni, ya laluba jaka ya miƙo mini hular rana mai tambarin kamfanin fenti. Na karɓa na yi godiya. Na taka zuwa wajen buhuna ina lissafa wata ukun da na yi ni kaɗai, da littafina na ajami, da duk raɗar da na yi masa ya ci yabo da ita.

Wasa ya yi wasa har rana ta yi ja. A zagayen ƙarshe 'yan lantarki suna gaba da ci ɗaya, saura mutum ɗaya su kashe su ɗauki kofi. Wani ɗan asibiti ya daki ƙwallo ta yi nisa, abokinsa da ke buhu na biyu ya zuba da gudu, ya zagayo na uku, ya nufi gida. Aka jefo ƙwallo, ya zube ƙasa yana sulɓewa da ƙafa, ƙura ta tashi. Ilu ya ce, "Aut!" Ni na biyo mai gudun, ina tsaye a inda nake ganin komai tar. Ƙwallo ta riga. An taɓa shi a gwiwa, ƙafarsa saura taki guda ta kai katako. Ilu ya yi daidai. 'Yan asibiti suka yo kansa suna ihu, shi kuma ya yi abin da muka saba, ya ɗaga hannu ya yafuto ni. Taku goma ne tsakaninmu. Da na taka su, da mun juya baya, ya tambaye ni miya, an ba 'yan lantarki kofinsu an tafi cin kifi. Ban taka ba. Na tsaya a inda nake, na baza hannuwa biyu, na ƙwala da duk ƙarfina, "Sef! Ƙafa ta riga!" So nake sau ɗaya a ji muryata, a ga rigar nan ta yi kuskure a gaban kowa. Iyakar abin da nake so ke nan, ban hango gaba da haka ba, ko kuma na hango na kau da kai.

Ilu ya ɗaga garkuwa ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. Sai ya juya ya baza hannu ya ce, "Sef." Nan take 'yan lantarki suka haukace, mutanen da sun riga sun fara rungumar juna. Wani ya yi jifa da safar hannu, wani ya ture wani, sai ga sanda a sama. Ihu ya cika wurin har duwatsu suna amsawa. Ina kallo motar sintiri ta rage gudu a titi, ta sauko gefe. Na yi wa Ilu magana da Hausa, na ce, "Ilu, 'yan sintiri! Bi ta bayan dutse!" Ya ji ni. Amma yana tsakanin mutum biyu, ya riƙe sandar da ɗaya ke neman sauke wa ɗaya a ka, ga kwalaye a ɗaure a ƙafafunsa. Bai saki ba sai da 'yan sintirin suka iso. Ba su daki kowa ba, ba su zagi kowa ba. Sun raba faɗa, sa'an nan suka ce kowa ya fito da iƙama. Kowa ya fito da tasa, har ni. Ilu ya cire garkuwar ya miƙo mini, ya ce, "Ka ce wa Inna kada ta ajiye mini tuwo." Ya shiga mota da shuɗiyar rigarsa.

A gida Baba ya saurare ni har na gama, ya yi tambaya ɗaya, "Wa ya fara ɗaga murya?" Na ce 'yan Filifin ne. Inna ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Bayan 'yan makonni muka ji an mayar da shi gida ƙasar Katsina. Ni kuwa na samu abin da nake nema, na koma bayan mai duka, ba mai ce mini in tafi wajen buhu. Na yi hukunci daidai da littafi, ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma kowace Juma'a sai an yi rigima. Mutane suka fara raguwa. Haji Usman ya daina zuwa, wai ƙafa ke damunsa. Wata rana na je na tarar da buhuna uku da ni kaɗai. Yanzu wurin an daɓe shi da kwalta, motocin alhazai ke kwana a kai.

Da a ce Ilu ya wulaƙanta a gida, wataƙila da nadama kaɗai zan yi ta cina, in san inda na dosa. Amma ina! Duk shekara sai alhazan garinsu sun kawo mana kaset da muryarsa a ciki, yana gaishe da Inna, yana ba da labari. Ya gaji gonar kawunsa. Ya shiga cinikin hatsi. Ya yi aure, ya gina gida a filinsa na kansa, an ba shi limancin masallacin unguwa saboda ya zauna a Makka. Ni ina nan, an rushe gidanmu na Jarwal, mun koma haya a Shisha, shekarata saba'in da wani abu a garin da aka yanke mini cibiya, kuma har yau sai na sabunta takardar zama. 'Ya'yansa suna yi masa Hausa garau, nawa jikokin sai na yi musu fassara. Na tura mutum rami, ya faɗa kan katifa. Nakan kwanta in ce astagfirullah, in tashi in tarar abin yana nan inda na bar shi.

Bara ya zo umara, 'yarsa ce ta kawo shi, da biza da komai. Ya tsufa, ya rame, haƙoran gaba sun tafi, amma da ya yi sallama a ƙofar bene sai da maƙwabcina Bayamane ya leƙo. Muka ci abincin rana a ƙasa, mu biyu, yara suka ba mu wuri. Na daɗe ina shirya maganar, sai da ya kusa cinye naman na samu ta fito.

Na ce, "Ilu, akwai abin da nake so ka yafe mini. Ranar nan, ranar kofi. Ƙwallo ce ta riga. Kai ne da gaskiya."

Ya tsaya da tauna ya dube ni. Ya ce, "Wace ƙwallo kuma? Ƙafa ta riga mana. Ai kai ka faɗa."

"Ƙarya na yi. Na gani sarai, na yi ƙarya. Rigar nan ce ta tsone mini ido."

Sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "Haba Haruna, ya shehu, tsufa ya fara taɓa ka. Ni ƙura ta rufe mini ido, kai kana gefe. Kai da ko ƙwallon dabino na jefa aljihun da ba shi ba sai ka gyara mini? Kana dai jin nauyin tafiyata ne, shi ya sa kake ɗora wa kanka. Halas, bar wannan. Tafiyata rubutacciya ce."

Na ce, "Wallahi Ilu..."

Ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ka yi rantsuwa a garin nan kan abin da ka manta. Ka san labarin da na fi ba yarana? Nakan ce musu akwai wani ɗan'uwana a Makka, ko ni na yi kuskure ba ya rufa mini, a gaban jama'a yake faɗin gaskiya. Me ya sa kake tsammani na sa wa ɗana na biyu sunanka? Malamin makaranta ne yanzu, shi ma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Tsaya ma in kira maka shi."

Ya lalubo waya a aljihun jallabiya, ya danna, ya miƙo mini. Wata murya ta babban mutum ta ce, "Salamu alaikum Baba, mun daɗe muna jin labarinka." Na ce, "Sannu takwara, yaya aiki?" Ina magana ina kallon Ilu, ya jawo kwanon gabansa yana suɗe yatsa hankalinsa kwance, ba abin da ke binsa. Na zo neman yafiya ban samu ba, don a wurinsa babu laifin da za a yafe. Wallahi ko ranar shuɗiyar riga ban ji ƙyashinsa kamar yadda na ji a wannan zama ba.